Na'urar haɗa jabel da ruwan gishiri: yadda take aiki da yadda ake gano matsalarta

Akwai wata na'ura da ake ba ta ruwan gishiri da wutar lantarki, ta mayar da shi ruwan kulorin, wato abin da aka fi sani da jabel a nan Nijar. Iri biyu ce. Akwai wadda ake ɗaurawa a jikin bututun wurin ninkaya, wato pisin, a otel-otel da manyan gidaje. Akwai kuma ƙarama da ake tsomawa cikin roba, wadda aka ƙera domin asibitocin karkara, makarantu da masu kula da ruwan gari. Ga gari kamar Dakoro, mai nisan kimanin kilomita 120 arewa da Maradi, ƙaramar ce ta fi amfani. Amma aikinsu ɗaya ne, kuma abubuwan da ke hana su aiki kusan ɗaya ne.

Idan na'urar ta mutu gaba ɗaya, kowa zai gani, a nemi wata dabara. Abin tsoro shi ne lokacin da take ci, fitilarta na haske, kumfa na tashi, alhali kulorin ɗin da take bayarwa bai kai rabin ƙarfinsa ba. A irin wannan hali ana shan ruwan da aka ɗauka an kashe masa ƙwayoyin cuta, ana wanke ɗakin haihuwa da ruwan da bai fi ruwan gishiri da komai ba. Jahar Maradi ta san abin da gurɓataccen ruwa ke jawowa. Cutar amai da zawo da ta ɓulla a gundumar Madarunfa a watan Yulin 2018 ta kama sama da mutum 3,000 a ƙasar, ta shekarar 2021 kuma ta kama sama da 5,000. Shi ya sa duk wanda aka damƙa wa wannan na'ura ya kamata ya san cewa gwaji ne kaɗai shaidar aikinta.

Yadda take aiki

Zuciyar na'urar wasu farantai ne na ƙarfen titaniyom, waɗanda aka shafe da wani siririn rufi na ƙarfe mai tsada, irin su rutaniyom da iridiyom. Idan wuta ta ratsa ruwan gishirin da ke tsakaninsu, gishirin na rabuwa. A farantin farko kulorin ke fitowa ya narke cikin ruwa, a na biyu kuma iskar haidurojin ke fita, ita ce kumfar da ake gani. Abin da ke saura a ruwan shi ne sinadarin da ke cikin jabel na kanti, wanda ya samo sunansa daga ƙauyen Javel, inda aka fara sarrafa shi a ƙarshen ƙarni na 18, yau kuma unguwa ce a birnin Paris. Bambancin kawai, na na'ura bai kai na kanti ƙarfi ba.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ke bayyana kusan kowace matsala: yawan kulorin ya danganta ne da yawan wutar da ta ratsa ruwan da kuma tsawon lokacin da ta yi tana ratsawa. Duk abin da ya rage wutar, ko ƙarancin gishiri ne, ko sanyin ruwa, ko dattin da ya rufe farantai, ko batir mai rauni, ya rage kulorin.

Daga cikin ƙananan na'urorin, wadda aka fi sani a ƙasashe masu amfani da Faransanci ita ce WATA, ta gidauniyar Antenna da ke birnin Geneva na ƙasar Suwizalan. An yi aiki da ita a Burkina Faso, Mali da Gini, inda kamfanin Tinkisso ke ɗura kulorin cikin kwalabe yana sayarwa da sunan Chlore'C.

Alƙaluman da ya kamata a riƙe

Ga ƙaramar na'ura irin WATA, ana narka giram 25 na gishiri cikin kowace litar ruwa. Idan ta yi aikinta daidai, tana ba da kusan giram 6 na kulorin a lita, wato kashi 0.6 cikin ɗari. Lita ɗaya ta wannan ruwa na tsabtace lita 4,000 na ruwan sha mai haske. Ke nan mililita 5 ya isa jarka mai lita 20, a jira minti 30 kafin a sha.

Ga pisin, gishirin ya fi ƙanƙanta. Yawancin na'urori na buƙatar giram 3 zuwa 5 a lita, alhali ruwan teku na ɗauke da kusan giram 35. Ana son kulorin ɗin ruwan ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a lita, ma'aunin tsami da ake kira pH kuma tsakanin 7.2 da 7.6.

Ga ruwan sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan minti 30 ya kamata a samu aƙalla miligiram 0.5 na kulorin da ya saura a kowace lita, kuma kada ya gaza 0.2 a inda mutane ke ɗiba. Kowace na'ura na zuwa da takardarta, kuma alƙaluman takardar su ne gaba da na kowa.

Gwaji kafin a taɓa komai

Wari ba ma'auni ba ne. Ruwa mai giram 3 da mai giram 6 duk warin jabel suke yi. Amma idan aka ɗebi mililita 5 daga mai giram 3 aka zuba a jarka, rabin abin da ake buƙata ya shiga, kuma dattin da ke jikin jarkar kaɗai na iya cinye shi.

Gwaji biyu ake yi. Na farko a kan ruwan da ya fito daga na'ura, domin a san ƙarfinsa. Masu WATA na da maganin gwajinsu mai suna WataTest. Na biyu a kan ruwan shan da aka zuba wa kulorin, da WataBlue ko da ƙwayar DPD 1, wadda ke mayar da ruwa ruwan hoda idan akwai kulorin a ciki. A nan akwai tarko: idan kulorin ya yi yawa ƙwarai, yana cinye launin, ruwan gwajin ya koma fari kamar babu komai. Don haka ba a gwada ruwan na'ura kai tsaye da DPD. Idan an ga launin ya fito ya ɓace nan take, a sirka ruwan da ruwa mai tsabta a sake gwadawa. A kuma duba ranar lalacewar maganin gwajin, domin wanda ya kwana biyu cikin zafi yana ba da amsar ƙarya.

Idan gwaji ya nuna rauni, sai a bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai tsada: gishiri, wuta, farantai, zafi da ajiya.

Gishiri

Nijar ƙasar gishiri ce, amma ba kowane gishiri ke shiga na'ura ba. Kantun Bilma da Fashi, wanda ake kai wa dabbobi, yana ɗauke da ƙasa da wasu sinadarai. Haka gishirin Foga da mangul. Kanwa kuwa ba ta cikin lissafi ko kaɗan. Idan aka auna giram 25 na irin waɗannan, gishirin gaskiya da ke ciki bai kai giram 25 ba, saura kuma datti ne da zai manne a farantai. Abin da ake so shi ne farin gishirin girki mai tsabta, busasshe.

A auna shi da sikeli. Cokali da tafin hannu na yaudara, domin gishiri mai laushi da mai tsakuwa ba nauyinsu ɗaya ba, kuma wanda ya sha danshin damina ya fi nauyi ba tare da ya fi ƙarfi ba. A dama shi ya narke sarai kafin a tsoma na'ura. Wanda ya kwanta a gindin roba bai shiga aiki ba. Yawan gishiri ma matsala ne: wuta na wucewa fiye da kima, ruwa ya yi zafi, wasu na'urorin su kashe kansu.

Ruwan haɗin shi ma ya zama mai haske. Ruwan tabki ko na rijiya mai laka na cinye kulorin tun yana cikin roba. A bar shi ya kwanta, a tace shi da tsumma mai tsabta.

Wuta

Idan babu kumfa ko kaɗan, wuta ce ba ta isa farantai ba. A duba soket, fis, da bakin wayoyi. Iskar da ke kewaye da na'urar na cin ƙarfe, shi ya sa bakin wayoyi ke yin kore ko tsatsa. A cire wuta, a goge, a ɗaure da kyau. Ga masu amfani da batir, jan waya na zuwa a alamar ƙari, baƙi a alamar ragi.

Idan kumfa na tashi amma kaɗan, a auna batir. Mai volt 12 da ya cika yana nuna kusan 12.6 idan ba a ɗora masa komai ba. Wanda ya sauka ƙasa da 12 ya yi rauni, a yi masa caji tukuna. Allon sola kuma hazon hunturu da ƙurar da ke kwanta masa na rage masa ƙarfi sosai, don haka awannin da suka isa a watan Oktoba ba lalle su isa a Janairu ba. Goge allon da safe na daga cikin gyaran na'ura.

Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki ita ce ta fi yawan ɓata lissafi. An ga haka a fili bayan da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar a watan Agustan 2023, har zuwa Maris na 2024. Wanda ya kunna na'ura ya tafi, ya dawo ya tarar tana ci, bai san awa nawa ta yi a kashe ba. A rubuta lokacin farawa, a rubuta lokacin da wuta ta ɗauke, a cika abin da ya rage, sannan a gwada. Barin ta fiye da lokacinta da gangan ba ya ƙara ƙarfi sosai, sai dai ya ɗumama ruwa ya cinye farantai.

Farin ɓawo a jikin farantai

Duk mai dafa shayi ya san farin ɓawon da ke kama gindin buta. Shi ne ke kama farantan na'ura, kuma daga sinadarin kalsiyom da magneziyom na cikin ruwa yake fitowa. Yawansa ya bambanta daga rijiya zuwa rijiya. Inda buta ke saurin yin fari, na'ura ma za ta yi. Ɓawon na tare wuta, kulorin ya riƙa raguwa a hankali mako bayan mako ba tare da an lura ba.

Maganinsa na farko shi ne ɗauraye na'ura da ruwa mai tsabta bayan kowane aiki. Idan ɓawo ya riga ya kama, a ɗauraye ta, a jiƙa farantan cikin binega ko ruwan lemun tsami da aka sirka, a bar su har ya narke, a sake ɗaurayewa. Kada a kankare da wuƙa, ƙusa, soson ƙarfe ko yashi. Rufin da ke jikin farantan siriri ne ƙwarai, kuma shi ne ke yin aikin. Idan ya kankare babu mai mayar da shi.

Zafi, sanyi da ajiya

Kulorin ba ya shiri da zafi da hasken rana. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Dakoro ke haura digiri 40, ruwan da ya wuni a jarka cikin rana ya riga ya yi ɗumi, na'ura kuma ta ƙara masa nata. Gara a yi haɗin da asuba, a inuwa, da ruwan randa. A tsakiyar hunturu kuma ruwan da ya kwana a waje na iya yin sanyin da zai rage wucewar wuta, sai a jira hantsi.

Sau da yawa na'ura ta yi aikinta, ajiya ce ta ɓata shi. Wannan kulorin ba shi da abin da ke riƙe shi kamar na kanti, don haka masu ƙera na'urar ke cewa a yi amfani da shi cikin awa 24, sai in an bi hanyar tsayar da shi da suka tsara. A zuba shi a roba mai duhu, mai murfi, a ajiye a wuri mai sanyi, a rubuta rana da lokaci a jikinta. Gwangwani ko bokitin ƙarfe na kashe shi, shi ma yana cin su. Kada a ɗura shi a gorar lemo ko ta ruwan sha, saboda yara.

Idan na'urar pisin ce

Masu gyaran lantarki da famfo da ke samun aiki a Maradi ko Yamai na iya cin karo da irin ta pisin. A nan farantan na cikin wani bututu da ake kira selil, kuma ba sa aiki sai injin tura ruwa na gudu.

Idan akwatin na'ura ya nuna babu gudun ruwa, akasari matatar ce ta toshe, ko kwandon injin ya cika da ganye, ko iska ta shiga bututu, ko an bar wani makunnin ruwa a rufe. Ƙurar hunturu na saurin toshe matata. Sai an kawar da waɗannan za a zargi ɗan abin da ke jin gudun ruwan. Kada a haɗa wayoyinsa kai tsaye domin a yaudari na'ura: idan farantai na ci babu ruwa na gudu, haidurojin na taruwa cikin bututu, yana iya fashewa.

Idan ya nuna ƙarancin gishiri, kada a gaggauta zuba buhu. Na'urar ba ta ɗanɗana gishiri, wucewar wuta take aunawa, don haka ɓawo, sanyin ruwa ko tsufan farantai duk na sa ta ce gishiri ya yi kaɗan. A gwada da wani ma'auni na daban. Gishiri ba ya bin tururi. Yana raguwa ne ta wankin matata, fantsama, yoyo da ambaliyar ruwan sama. Lissafinsa mai sauƙi ne: pisin mai mita kubik 50 da ake son ɗaga shi daga giram 3 zuwa 4 a lita na buƙatar kilo 50. Wanda ya zuba fiye da kima ba shi da mafita sai zubar da wani sashe na ruwan, abin da ba ƙaramar asara ba ce a yankin da ruwa ke da tsada.

Idan na'ura ba ta nuna wata matsala amma ruwa na yin kore, a ɗebi ruwa a bakin bututun da ke mayar da shi cikin pisin lokacin da selil ke ci. Idan kulorin ɗinsa ya fi na tsakiyar pisin, na'ura na aiki, wani abu ne ke cinye abin da take bayarwa. Abubuwa uku ake dubawa. Na farko pH, wanda ke yawan hawa a pisin na gishiri: a 7.5 kusan rabin kulorin ke da kaifi, a 8 kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na biyu rana, wadda ke ƙone yawancin kulorin cikin ƴan awanni idan babu sinadarin kariya da ake kira asid siyanurik, wanda ake so ya kai miligiram 30 zuwa 50 a lita. Na uku awannin aiki. Masu sana'ar a Faransa na raba zafin ruwa biyu su samu awannin da inji zai yi: ruwa mai digiri 30 na son kusan awa 15 a rana. Idan gansakuka ta riga ta kama, na'ura ba ta iya cim mata, sai an zuba kulorin mai ƙarfi da hannu.

Yawancin na'urorin pisin na juya wutarsu lokaci-lokaci domin kakkaɓe ɓawo, amma duk da haka a riƙa leƙa selil bayan kowane wata biyu ko uku. Ana wanke shi da asid mai sirki sosai na ƴan mintoci, gwargwadon yadda takardarsa ta ce. Yawan wankin asid na rage masa kwana.

Iyakar ƙaramar na'ura

A wurin jinyar masu amai da zawo ana amfani da kulorin mai ƙarfi uku: kashi 0.05 cikin ɗari domin wanke hannu, 0.2 domin daɓe, gadaje da tufafi, kashi 2 kuma domin amai, bayan gida da gawa. Daga ruwan na'ura mai 0.6, awo ɗaya da awo goma sha ɗaya na ruwa na ba da 0.05, awo ɗaya da awo biyu na ruwa na ba da 0.2. Amma kashi 2 ya fi ƙarfin na'urar. Wannan sai da garin HTH mai kashi 65 zuwa 70, ko jabel na kanti mai ƙarfi. Duk asibitin da ke da na'ura na buƙatar ajiye waɗannan, da ƙwayoyin Aquatabs domin ranar da ta tsaya.

Kariya

A yi haɗin a wuri mai iska, kada a toshe bakin roba lokacin aiki, kada a kusanto da taba, ashana ko murhu, domin haidurojin na kama wuta. A cire wuta kafin a taɓa farantai. Kada a taɓa haɗa kulorin da asid, binega ko lemun tsami, saboda haɗin na fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Wajen sirka asid, shi ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba masa ruwa. Idan ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa na kusan minti 15, a je wurin likita.

Yaushe farantai suka ƙare

Rufin farantai na cinyewa da aiki. Selil na pisin kan yi shekara uku zuwa bakwai, gwargwadon awannin da yake ci da irin kulawar da ya samu. Ana cewa ya ƙare ne idan gishiri ya cika, wuta ta cika, farantai na da tsabta, ruwa ba zafi ba sanyi, amma gwaji ya ci gaba da nuna rauni. Kafin nan, sayen sabo ɓarnar kuɗi ce.

Abin da ke sauƙaƙa wannan hukunci shi ne littafin rajista a gefen na'ura: rana, nauyin gishiri, lokacin farawa da gamawa, sakamakon gwaji da sunan wanda ya yi. Idan alƙaluman na sauka a hankali, ɓawo ne ko tsufa. Idan sun faɗi rana ɗaya, a duba buhun gishirin da aka buɗe, ko batir, ko sabon hannun da ya karɓi aiki. A tsakanin Dakoro da inda ake samun kayan gyara akwai tafiya, don haka wanda ya ga raguwar tun da wuri shi ke samun damar yin odar farantai kafin damina ta sauka.